Lafiyar Ƙwaƙwalwa: Abin da Alƙaluma Ke Faɗa Kan Neman Magani a Damagaram Takaya

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna cewa a 2019 mutum miliyan 970 ne ke fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, wato ɗaya cikin takwas a duniya.

Ƙidayar jama'ar Nijar ta 2012, wadda hukumar ƙididdiga ta ƙasa (INS) ta gudanar, ta bai wa gundumar Damagaram Takaya kimanin mutum 241,000. Idan aka ɗora ma'aunin ɗaya cikin takwas a kan wannan adadi, lissafi zai kai wajen mutum 30,000.

Abu na farko da ke shafar neman magani shi ne samun ma'aikaci. Ƙididdigar hukumar lafiyar ta 2020 ta nuna ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa 13 ga kowane mutum 100,000 a duniya, amma 1.6 a Afirka. Bisa ma'aunin Afirka, gunduma mai yawan jama'ar Damagaram Takaya za ta samu ma'aikata huɗu.

Tasirin wannan giɓi ya bayyana a rahoton 2022. A ƙasashe masu arziki, kashi 70 cikin ɗari na masu taɓin hankali suna samun magani. A ƙasashe masu ƙarancin kuɗin shiga, kashi 12 ne.

Abu na biyu shi ne fahimtar musabbabin ciwon. Wani bincike da Kabir da abokan aikinsa suka wallafa a 2004, kan manya 250 a ƙauyen Karfi na jihar Kano, ya gano cewa kashi 34 na danganta ciwon da shaye-shaye, kashi 19 da ƙaddara ko fushin Allah, kashi 18 da sammu ko iskokai.

Wannan fahimta ce ke nuna ƙofar da za a nufa. A binciken, kashi 46 sun zaɓi asibiti, kashi 34 sun karkata ga malamai da addu'a.

Abu na uku shi ne ilimi. Masu iya karatu a Karfi sun ninka waɗanda ba su iya ba kusan sau bakwai wajen kyautata zato ga majinyaci. A Nijar, alƙaluman Bankin Duniya sun nuna manya masu iya karatu ba su kai kashi 40 ba.

Alƙaluman Karfi na nuna masu son zuwa asibiti sun fi kowane rukuni yawa. Ƙarancin ya fi ƙarfi a ɓangaren ma'aikata.