Hoton asibiti: Yadda saitin na'ura ke shafar lafiyar majinyaci

Mutanen Ƙaraye da Rogo da suka samu karaya ko tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa kan ji likita ya ce a je a yi hoton ƙashi ko na ƙirji, wani lokaci har sai an tafi asibitin ƙashi na Dala ko asibitin koyarwa na Aminu Kano.

Hasken da ake amfani da shi, wanda Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano a shekarar 1895, yana ratsa tsoka, amma ƙashi na tare shi, abin da ya sa ƙashi ke fitowa fari.

Abubuwa biyu ma'aikaci ke saitawa kafin ya danna maɓalli: ƙarfin ratsawar hasken, da kuma yawansa.

Idan ƙarfin ya yi kaɗan, jiki kan shanye mafi yawan hasken, hoton ya fito dishi-dishi. Idan kuma aka ninka yawan hasken, abin da jiki ya sha shi ma ya ninku.

Hoton da ya lalace sai an sake shi, ke nan majinyaci ya sha haske sau biyu, ya kuma ɓata lokaci.

Sababbin na'urori

A zamanin fim, haske mai yawa kan baƙanta hoto, nan take a gane kuskure. Na'urorin kwamfuta kuwa suna gyara hoton da kansu, don haka ana iya wuce ƙima ba a lura ba.

Hoton ƙirji ɗaya na ba jiki kimanin milisibat 0.1, wato kwatankwacin abin da mutum ke samu daga ƙasa da sararin sama cikin mako biyu. Haɗarinsa kaɗan ne, sai dai yawan maimaitawa na ƙara yiwuwar kamuwa da sankara, musamman ga yara.

A Najeriya, hukumar NNRA, wadda ta fara aiki a 2001, ita ke ba da lasisin amfani da waɗannan na'urori.

Masana na shawartar majinyata su riƙa adana tsoffin hotunansu, mace mai juna biyu kuma ta sanar kafin a ɗauka.