Gyaran Lalube Na Cin Jarin Masu Manyan Motoci A Abuja

ABUJA — Duk ranar da tifar da ke jigilar tsakuwa daga Mpape ta wuni a gareji, mai ita ya yi asarar kuɗin sawu, kuma sau da yawa rashin gano ainihin cutar ne ke zaunar da ita.

Da dama daga cikin tsofaffin makanikai sun koyi sana'ar ne a kan Mercedes 911, irin wadda kamfanin ANAMMCO na Inugu, da aka ƙaddamar a 1980, ya riƙa harhaɗawa. Ita da kunne ake gane ciwonta. Wasu daga cikin sababbin motocin Howo na ƙasar Sin kuwa, kwamfuta ce ke auna man da ke shiga injinsu. Filtar da gurɓataccen gas ya toshe, ko wayar da ta tsinke, kan rage wa mota ƙarfi. Wanda ba shi da na'urar bincike sai ya ɗora laifin a kan nozul ko famfon mai. A sayo sabo da tsada, a ɗaura, matsala tana nan daram.

Garejin dillalan motoci ma bai tsira ba, domin na'urar lambar matsala kawai take nunawa. Sai ma'aikaci ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya kafin ya gano musabbabinta.