Maɓallin da Ke Yi Yau Ya Ƙi Gobe

Ina zaune a rumfar wani mai gyaran waya a Funtua, ina jiran a canja mini bakin caji, sai ga wani saurayi ya sauka daga babur, ƙurar masussuka ba ta gama barin gashin kansa ba. Ya zaro wani bututun tagulla daga aljihu, tsawonsa bai kai taƙi ba, ya ajiye kan tebur.

"Oga, duba mini wannan. Wani lokaci ina dannawa take kamawa, wani lokaci sai na danna sau uku. Jiya ma har maɓallin ya ƙona mini yatsa."

Mai gyaran ya kwance gindin bututun, batir ya sulluɓo. Ya juya shi ya ga rigar ledarsa ta yage, ƙarfe a waje. Saurayin ya ce ko a ɗan cusa takardar nan mai ƙyalli ta kwalin sigari, batirin ya matse. Mai gyaran ya dube shi ya ce, "Ƙanena, wannan fa ba tocilan ba ce."

Gaskiyarsa. Mu da muka tashi da tocilan da rediyo masu cin batirin Tiger Head mun iya dabarun tayar da abin da ya ƙi kamawa: a bubbuga, a ciji batir, a shanya shi a rana, a cusa takarda ko kwabo. Waɗancan batura bolt ɗaya da rabi ne, kuma ko wuta ta haɗe, iyakarta su yi ɗumi su mutu. Wanda ke cikin sigarin lantarki irin na saurayin nan wani abu ne dabam. Ana ce masa 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Idan ya cika caji yana kan bolt 4.2, kuma yana iya amayar da wuta mai yawa a cikin ƙiftawar ido.

Sigarin lantarki dai wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙirƙiro irin na zamani a 2003. Aikinsa mai sauƙi ne: batir ya zafafa wata nannaɗaɗɗiyar waya, wayar ta dafa ruwan da auduga ta tsotso, mai sha ya zuƙi tururin. Yawancin waɗanda ake gani a hannun samari ƙanana ne na roba, masu ɗan allon lantarki a ciki da ke yanke wuta idan abu ya ɓaci. Na hannun saurayin nan ba shi da wannan. Masu shan sa a Turai da Amurka na ce masa mek, ni kuwa maras ƙwaƙwalwa nake ce masa. Bututun ƙarfe ne kawai, da batir, da maɓalli a gindi. Babu fis, babu abin da ke ƙidaya daƙiƙa ya kashe, babu abin da zai gane an sa batir a juye. Jikin bututun shi ne wayar da wuta ke bi. Tsakanin batirin da fuskar mai sha, maɓallin nan ne kaɗai mai gadi, saboda haka ranar da ya fara yi yana ƙi, ba ranar ƙara masa ƙarfin yatsa ba ce.

Me ke sa shi gardama? Galibi datti ne. Duk dannawa ɗaya, ɗan tartsatsi na tashi tsakanin ƙusar maɓallin da gindin batir, kamar wanda ake gani idan an taɓa waya a kan batirin babur. A hankali sai wurin ya yi baƙaƙen ɗigo da ƙananan ramuka, wuta ta riƙa wucewa da ƙyar. Tagulla da jan ƙarfe kuma suna dusashewa da gumin hannu. Ga ƙurar hunturu. Wanda ya wuni a kasuwar hatsi ta Dandume, ko wurin auna auduga a Malumfashi, ya zazzage aljihunsa da yamma ya ga abin da zai fito. Wannan ƙaiƙayi da burbushin auduga su ne ke shiga haƙoran murɗi da kewayen maɓallin. Irin wannan yana da magani. A fara cire batirin, a ajiye shi nesa. A kwance maɓallin, a goge haƙoran da tsohon buroshi da ɗan sifirit, a murza bakin ƙusar da magogin fensir har ya yi haske, a bari ya bushe sarai kafin a mayar. Kada a kankare da wuƙa ko sanfefa mai kaushi, domin wasu an shafe su da azurfa, kuma ƙarfen da aka karce ya fi saurin yin tartsatsi. Man inji ko girishi kuwa ƙura kawai zai tara.

Wani lokaci kuma batirin ne bai zauna daidai ba. Idan aka girgiza bututun aka ji ƙwal-ƙwal, akwai tazara, ko dai don baturan kamfanoni sun ɗan bambanta a tsawo, ko don gindin batirin ya lotsa da yawan dannawa. Wasu bututun suna da ƙusar da ake murɗawa a cike tazarar. In babu, ko in batirin ya lotsa, an gama da shi. Akwai kuma zoben kulle da ake juyawa don kada maɓalli ya dannu a aljihu. Idan ya tsaya rabi da rabi sai maɓallin ya riƙa taɓawa yana saki. Haka in ƙananan kusoshin da suka riƙe wayar zafin sun saki, sai a ɗora wa maɓalli laifin da ba nasa ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a maganar saurayin shi ne zafin da ya ce ya ji a yatsa. Maɓalli mai lafiya ba ya zafi. Idan ya yi, ɗayan biyu ne: ko wuta na matsawa ta wata 'yar ƙaramar kafa mai datti, ko kuma ta haɗe a wani wuri, abin da masu gyara ke cewa shot. A cikin maɓallin akwai sifirin, ko maganaɗisu biyu masu ture juna, su ke mayar da shi baya idan an saki. Zafi na kashe su duka biyu. Sifirin ya lanƙwashe, maganaɗisu ya rasa ƙarfi ko ya tsage. Daga nan maɓallin da ke ƙin kamawa sai ya koma ƙin saki, wuta ta yi ta ci babu mai dannawa, wataƙila a cikin aljihun wando, mutum na bisa babur tsakanin Bakori da Ɗanja. Duk wanda ya buɗe ya tarar sifirin ya kwanta ko ya sauya launi, ya sani wuta ta riga ta taɓa haɗewa, Allah ne ya kiyaye. Miƙe shi da filaya, ko sa na biro a madadinsa, neman ta biyu ne.

Sai rigar batirin. Mutane na ɗauka ado ce ko wurin rubuta suna. Gwangwanin batirin gaba ɗaya, tun daga gindi har kafaɗa, ɓangare ɗaya ne na wutar; ɗan tsakiyar kansa ne kaɗai ɗaya ɓangaren, kuma abin da ya raba su ɗan siririn zobe ne da wannan ledar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan ledar ta yage a gefe, gwangwanin zai taɓa jikin bututu, wuta ta zagaye maɓallin ta kama da kanta. Idan a kafaɗa ta yage, ɗan ƙarfe kaɗan ya isa ya haɗa ɓangarorin biyu. Shi ya sa jefa irin wannan batir tsirara a aljihu tare da makullin babur ya ƙona cinyoyin mutane da yawa. Akwai ma wasu bututun da kan batir ke taɓa ƙusar tankin da ke riƙe da ruwan kai tsaye. In ƙusar ba ta fito waje sosai ba, dannawar farko ce za ta haɗa wutar.

Ga lissafi kaɗan ga ɗaliban kimiyya. Ana raba bolt da juriyar waya a sami yawan wutar da za a ja. Wayar da juriyarta om 0.2 ce, a kan bolt 4.2, tana jan amfiya 21. Batir irin Samsung 25R an yi shi ya jure amfiya 20 ne. Wanda aka ciro daga mataccen batirin kwamfutar cinya, irin da ake haɗa fitilu da bankin caji da shi a rumfunanmu, girmansu ɗaya, zai shiga bututun lafiya lau, amma yawancinsu ba su wuce amfiya biyar zuwa shida. Waɗanda aka rubuta wa 9900mAh a jiki kuwa ƙarya ce tsagwaronta, don na gaskiya masu wannan girma a wajejen 3500 suke tsayawa. Batirin da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa yana zafi, zafin ya haifi wani zafin, ya fara fitar da iska mai cin wuta. Idan bututun ba shi da ramukan fitar iska, ko datti ya toshe su, ƙarfen ne zai tarwatse.

An gani. A watan Mayu na 2018, a garin St. Petersburg na jihar Florida a Amurka, irin wannan bututu maras ƙwaƙwalwa ya fashe wa wani mutum mai shekara 38, ɓaraguzan suka shige kansa, ya mutu, ɗakin ya kama da wuta. A Janairun 2019 wani mai shekara 24 ya rasu a jihar Texas bayan fashewar ta yanke masa jijiyar wuya. Hukumar kula da gobara ta Amurka ta ƙirga fashewa da gobara 195 daga 2009 zuwa ƙarshen 2016, da raunuka 133, kuma waɗanda kafafen labarai suka ruwaito ne kawai. Kamfanonin jiragen sama ma ba sa yarda a sa sigarin lantarki a jakar da za ta shiga ɗakin kaya. To, ina ga mu da zafin bazara ke haura digiri 40, ake barin kaya cikin mota a rufe ko bisa tankin babur, kuma da kaka gidajenmu cike suke da kara da buhunan auduga?

Idan har ta faru, batir ya fara huci ko ɗaukar zafi a hannu, a jefar da shi kan ƙasa a fili, nesa da kara da fetur, a ja da baya; kada a tsaya kwancewa. Wanda ya ƙone a cire masa tufar da ba ta manne ba, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta kamar minti ashirin. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da baƙin mai. A wuce Babban Asibitin Funtua ko na Malumfashi, in ƙunar ta yi zurfi ko ta taɓa fuska za su tura asibitin Shika.

Kada wani ya karanta wannan ya ce na koya masa gyara don ya ci gaba da zuƙa. Ruwan da ke ciki yawanci yana da nikotin, sinadarin da ke ɗaure mai shan taba, ƙamshin mangwaro ko na'ana'a bai canza shi ba, kuma yaro ƙarami da ya kurɓi ruwan zai iya halaka. Indiya ta haramta sigarin lantarki baki ɗaya a 2019, Ingila ta hana sayar da na sha-ka-yar daga 1 ga Yunin 2025. A nan gida, dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba kayan taba.

Mai gyaran nan ya goge wa saurayin maɓallinsa, amma ya ƙi mayar da batirin. Ya naɗe kansa da gindinsa da salatif, ya jefa cikin wani gwangwani mai yashi a bayan rumfa, inda yake tara kumburarrun baturan waya. Saurayin ya ce, "Haba Oga, ai da kuɗi na saya." Mai gyaran ya ce ya sani, ya miƙo mini wayata.