Yadda Bincike Ya Karya Lagon Cutar Kumburin Tantanin Ciki a Maguna

A cikin rassan ilimin likitancin dabbobi akwai fannin cututtukan cikin jiki, wato wanda ke nazarin abin da ke taɓa ƙoda da hanta da hanji da jini da garkuwar jiki, inda ake dogara da awo da magani maimakon wuƙar tiyata. Ɗaya daga cikin manyan nasarorin da fannin ya samu a wannan ƙarni ita ce shawo kan cutar kumburin tantanin ciki mai kama maguna, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da FIP, cutar da ta shafe fiye da shekara 50 ana ɗaukarta hukuncin kisa ga kusan duk magen da ta kama.

Likita Jean Holzworth, wadda ta yi aiki a asibitin dabbobi na Angell da ke Bostan a Amurka, ita ce ta fara bayyana cutar a rubuce a shekarar 1963, daga baya kuma aka gano cewa musabbabinta bairos ne daga dangin korona. Asalin wannan bairos mazaunin hanjin mage ne, yana yaɗuwa ta hanyar kashi musamman inda maguna da yawa ke bahaya a wuri guda, kuma galibi bai wuce ya jawo ɗan zawo ba. Sai dai a jikin kaɗan daga cikin magunan da ke ɗauke da shi, akasari waɗanda ba su kai shekara 2 ba, yakan rikiɗe ya sami ikon shiga cikin wasu fararen ƙwayoyin jini waɗanda aikinsu shi ne haɗiye ƙwayoyin cuta, ta yadda dakarun da ya kamata su kashe shi su ne ke kai shi sassan jiki, suna haddasa kumburin jijiyoyin jini duk inda suka sauka.

Cutar tana bayyana ta fuska biyu. A fuska mai ruwa, jijiyoyin da suka kumbura sukan tsiyayar da wani ruwa rawaya mai yauƙi a cikin ciki ko ƙirji, har cikin magen ya tasa ko numfashi ya gagare ta, alhali a busasshiyar fuska ƙulle-ƙullen kumburi ne ke fitowa a ƙoda ko hanta ko ido ko ƙwaƙwalwa. Dukkansu sukan zo da rama da ƙin cin abinci da zazzaɓin da ba ya jin magungunan kashe bakteriya. Gano cutar yana da wuya, domin samun alamar korona a jini ba hujja ba ne, tunda lafiyayyun maguna da yawa na ɗauke da ita, saboda haka likita yakan haɗa tarihin dabbar da awon sinadaran furotin na jini da binciken ruwan da aka zuƙo kafin ya yanke hukunci.

Wanda ya fi kowa jurewa a kan wannan bincike shi ne Farfesa Niels Pedersen na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, wanda ya shafe gomman shekaru yana bibiyar cutar. Shi da abokan aikinsa sun gwada wani sinadari mai suna GS-441524 na kamfanin Gilead, wanda siffarsa ta yi kama da ɗaya daga cikin tubalan da bairos ke gina kundin halittarsa da su, ta yadda idan bairos ya ɗauke shi ya saka a ginin sai aikin kwafar kansa ya lalace, hayayyafarsa ta tsaya. A sakamakon da suka wallafa a 2019, an yi wa maguna 31 masu cutar allura kullum a ƙarƙashin fata, 26 suka kammala aƙalla mako 12 na jinya, 25 kuma suka warke daga cutar.

Amma samun magani daban, isarsa ga mabuƙata daban. Kamfanin bai nemi lasisin sayar da sinadarin don dabbobi ba, hankalinsa yana kan ɗan'uwan sinadarin, wato remdesivir, wanda jiki ke sarrafawa ya fitar da wannan sinadari, kuma wanda Amurka ta amince da shi a 2020 don jinyar masu cutar COVID-19. Wannan giɓi ya tura masu maguna kasuwar bayan fage, inda suka riƙa sayen kwalaben da babu hukumar da ta tabbatar da ingancinsu, suna yi wa dabbobinsu allura da kansu. Likitocin Birtaniya sun sami halattacciyar hanyar rubuta maganin a 2021, na Amurka kuwa sai a watan Yunin 2024.

Cutar ta sake ba masana mamaki a 2023, lokacin da ta ɓarke a tsibirin Saifurus ta kashe dubban maguna, manya da ƙanana, abin da ya saɓa wa ɗabi'arta ta kama ɗaiɗaiku. Masu bincike na Jami'ar Edinbura da takwarorinsu na tsibirin sun gano cewa sabon nau'i ne da ya samu daga cuɗanyar koronar maguna da wata korona mai tsanani ta karnuka, wanda ya nuna cewa ba za a iya nazarin cututtukan waɗannan dabbobi biyu a ware ba, tunda gida ɗaya da titi ɗaya suke zama. Gwamnatin ƙasar ta ba da izinin amfani da maganin molnupiravir da aka tanada don mutane wajen jinyar magunan.

Cutar FIP ba ta kama ɗan Adam, amma tarihinta ya tabbatar da cewa ilimin da aka samu a jikin dabba yana amfanar likitancin mutane, kamar yadda maganin mutane ya dawo ya ceci dabba. Wajibi ne hukumomi da jami'o'i su ba binciken cututtukan karnuka da maguna muhimmancin da ya dace da shi, su kuma tabbatar da cewa maganin da aka gano ya isa hannun likitoci ta halattacciyar hanya. Ga mai mage kuwa, duk ƙaramar magen da ta rame, cikinta ya tasa, zazzaɓi ya ƙi sakinta, a gaggauta kai ta wurin likitan dabbobi, domin cutar da aka fara jinyarta da wuri ta fi saurin jin magani.