Labarin Lebitan, Mai Zanen Itatuwa da Gulabe a Ƙasar Rasha

Ya zo cikin Buhari da Muslimu cewa wani mai sana'ar zane ya nemi fatawa wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su. Sai ya hane shi ga surar mai rai, ya yi masa izinin itatuwa da abin da ba shi da numfashi. To, a ƙasar Rasha an yi wani gwani wanda galibin aikinsa irin wannan ne, ko da yake shi Bayahude ne. Sunansa Isiyaku Lebitan.

An haife shi a shekarar 1860 a gidan talauci. Ya shiga makarantar zane ta birnin Mosko a 1873. Mahaifiyarsa ta rasu a 1875, mahaifinsa ya bi ta a 1877, ya zama maraya, wani lokaci a makaranta yake kwana da yunwa. A 1879 hukuma ta kori Yahudawa daga Mosko, har da shi, aka kuma sāke korarsa a 1892.

Hanyar aikinsa kuwa ita ce ya fita daji da kayansa, ya zauna bakin kogin Balga, ya lura da yadda haske ke sauka bisa ruwa da hantsi, da yadda yake sauyawa da la'asar, sa'an nan ya kama launin wannan sa'a kafin ta wuce. Da wuya ya sa mutum a zanensa, har macen da ke cikin wani zanensa na 1879 abokinsa Nikolai Cekof ne ya ƙara ta. A 1892 ya zana Baladimirka, watau hanyar da a dā ake kora fursunoni zuwa Saberiya. Babu sarƙa a ciki, babu dogari, amma mai kallo yakan ji zaluncin a zuciyarsa. Ciwon zuciya ya yi ajalinsa a 1900, bai cika arba'in ba, ya bar zane wajen dubu.

Saboda haka, malamai da iyaye na Unguwar Lalle da Sabon Birni da Isa, in an ga almajiri mai hannun zayyana yana zana fadamar Rima, ko gawo mai kaɗe ganye da damina ya yi tofo da rani, kada a yi gaggawar ɗaukar bulala. A duba abin da ya zana tukuna, a auna shi da fatawar ɗan Abbas. Allah Shi ne Masani.