Lissafin Guzuri: Naira, Sefa da Tafiya Ƙetaren Iyaka daga Ƙasar Gumel

Gabatarwa

Masarautar Gumel ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu a arewacin Jihar Jigawa, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba mutanen wannan yanki da 'yan'uwansu na Dungas da Magariya da Damagaram, amma ba ta yanke auratayya da zumunci da ciniki ba. Saboda haka fita ƙasar waje a nan abu ne na yau da kullum. Ma'aikaci kan yi hutunsa wurin dangi a Damagaram, mata kan ƙetara biki ko suna, wasu kuma sukan yi shekaru suna tanadi domin Umara ko aikin Hajji.

Da yawa daga cikin waɗannan matafiya sukan tara kuɗin da suke ganin ya isa, amma sai guzuri ya yanke musu kafin ranar komowa. Sau da yawa ba almubazzaranci ne ke jawo haka ba. Abin da ke faruwa shi ne an yi lissafin tafiyar da naira, alhali ba naira za a kashe a can ba. Wannan maƙala za ta bayyana hanyoyin da guzuri ke zurarewa, da yadda mai niyyar tafiya zai yi lissafinsa da kuɗin ƙasar da ya nufa tun yana gida.

Darasi daga tsuntsaye masu ƙaura

Masana ilmin halittu sun daɗe suna nazarin abin da suke kira kasafin ƙarfin jiki, wato yadda dabba ke tara abinci a jikinta da yadda take kashe shi. Kowace shekara ƙananan tsuntsaye daga Turai sukan zo su ci rani a yankin Sahel, har da dausayin Haɗeja da Nguru. A watannin Maris da Afrilu, kafin su ƙetare hamadar Sahara su koma, sukan duƙufa wajen cin ƙwari da 'ya'yan itatuwa. Awon da aka yi musu a Malamfatori, bakin Tafkin Chadi, a shekarun 1960 ya nuna irin ƙibar da suke yi a wannan lokaci, kuma an san wasunsu kan kusan ninka nauyinsu.

Abin lura shi ne siffar da suke ajiye wannan guzuri, wato kitse. Giram ɗaya na kitse yana ba da ƙarfin da ya ninka na giram ɗaya na sitaci fiye da sau biyu, don haka shi ne ya dace da mai tafiya a sama inda babu wurin kiwo. Har ila yau tsuntsun da ya tashi da kitse daidai wa daida yana cikin haɗari, domin iska na iya juyowa ta tsawaita masa hanya. Ƙa'idoji biyu ke nan da suka shafi ɗan'adam: a ajiye guzuri a siffar da za ta yi amfani a hanya, a kuma bar rara.

Dala da jika: a fara sanin harshen kuɗin

Kuɗin Jamhuriyar Nijar shi ne sefa, wanda ƙasashe takwas na Afirka ta Yamma ke amfani da shi: Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Senegal, Kwaddibuwa da Gini Bisau. Hausawan Nijar ba sa ƙirga shi yadda aka rubuta a jikin takarda. Tamma biyar ita ce dala ɗaya, dala 200 kuma ita ce jika ɗaya, wato takardar da aka rubuta wa 1,000. Idan mai tebur a Magariya ya ce kayansa dala ashirin ne, sefa 100 yake nufi, kuma wannan dala ba ta da wata alaƙa da dalar Amurka.

A Nijeriya kuwa, jaka a tsohon lissafi fam 100 ce, wadda ta koma naira 200 bayan da aka fito da naira a ranar 1 ga Janairun 1973 a kan naira biyu fam ɗaya. Kalma ɗaya ke nan mai ma'ana biyu a ɓangarori biyu na iyaka. Baƙon da bai lura da wannan ba yana iya yin ciniki a kan wani farashi ya biya wani.

Akwai kuma wata sefar ta ƙasashen Afirka ta Tsakiya guda shida, ciki har da Chadi da Kamaru. Darajarsu ɗaya a hukumance, amma bankuna biyu daban ke buga su, kuma takardar wannan yanki ba ta ciniki a wancan. Wanda zai je Njamena bai kamata ya sayi sefar Damagaram ba.

Rami na farko: lokaci

Tsakanin ranar da aka fara tanadi da ranar tafiya, darajar kuɗi tana motsi. A 1985 dalar Amurka ba ta kai naira ɗaya ba a farashin gwamnati. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 naira ta yi ta sauka, har a tsakiyar shekarun 1990 farashin gwamnati ya tsaya wajen naira 22, na kasuwa kuwa ya haura 80. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance. A cikin wannan wata Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canji, kuma kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta wuce naira 1,500. Wanda ya ajiye naira a wancan tsakani domin tafiya, kuɗinsa na nan cif a ƙirge, amma abin da za su saya masa a waje ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku.

Sefa kuwa an ɗaure ta da kuɗin Turai. Tun daga 1999 yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Haka riyal na Saudiyya yake a ɗaure da dala tun 1986, a kan riyal 3.75 kowace dala. Ma'anar wannan ita ce duk lokacin da naira ta faɗi a gaban yuro ko dala, to ta faɗi a Damagaram da Makka a rana guda.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka kuɗin waje ba ya cin amanar mai shi. A watan Janairun 1994 an karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya: faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Haka kuma a Maris da Afrilun 2024 naira ta farfaɗo na ɗan lokaci, waɗanda suka sayi dala da tsada suka yi asara. Tun da babu mai iya sanin inda farashi zai nufa, hanyar da ta fi aminci ita ce a riƙa sayen kuɗin tafiya kaɗan-kaɗan cikin watanni, yadda tsadar wani wata za ta haɗu da arahar wani.

Manoman Gagarawa da Sule Tankarkar suna da tasu hanyar tanadi, wato riɗi da zoɓo da dabbobi. Waɗannan sukan bi tashin farashi, musamman riɗi da zoɓo da ake fitarwa ƙasashen waje. Amma su ma suna da nasu lissafi. Amfanin gona ya fi araha da kaka, rago yana cin dusa da harawa duk rani, kuma cuta na iya kashe shi. Wanda zai sayar da dabba domin tafiya ya tsara sayarwar ta dace da lokacin da kasuwa ke neman ta, kamar gabanin Babbar Salla. Wanda ya kai sa kasuwar Maigatari ranar Alhamis alhali Asabar zai tashi, dillalai sukan gane matsuwarsa, kuma farashin da suka ga dama za su taya.

Rami na biyu: hannun ɗan canji

Kowane ɗan canji, a Maigatari ko a Wapa ta Kano, yana da farashi biyu: wanda yake saye da wanda yake sayarwa. Ratar da ke tsakaninsu ita ce ribarsa. A ɗauka, don misali kawai, yana sayar da jika a kan naira 2,600, yana saye a kan 2,500. Wanda ya canza naira zuwa sefa, ya dawo da ita bai kashe ba ya sake maida ta naira, ya rasa naira 100 a kowace jika, kusan kashi 4 cikin ɗari. Idan aka bi ta kuɗi uku, daga naira zuwa dala sannan zuwa riyal, sau biyu ake biyan wannan rata.

Ɗaurin da aka ambata a sama yana ba matafiyi ma'aunin gane ko an tsawwala masa. A raba farashin yuro na ranar da 656, a ninka da 1,000, sai a sami kimanin kuɗin jika. Idan yuro naira 1,700 ne, jika za ta kama wajen naira 2,590. Na riyal kuwa, a raba farashin dala da 3.75: idan dala naira 1,500 ce, riyal naira 400 ne. Farashin bakin iyaka yakan ɗan saɓa wa wannan gwargwadon buƙatar 'yan kasuwa a ranar, amma idan ratar ta yi yawa, a tambayi ɗan canji na biyu da na uku. A ƙirga kuɗi a gabansa, a duba takardun da kyau saboda jabu, a kuma nemi ƙananan takardu na 500 da 1,000 domin mota da abinci, tun da canjin takardar jika goma yakan yi wuya a ƙauye.

Rami na uku: abin da ba a zata ba

Iyaka kanta ba ta da tabbas. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, kuma Maigatari na cikin guda huɗu da aka fara buɗewa a ranar 16 ga Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar an sake rufe iyakar, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Waɗanda rufewar ta rutsa da su a ƙetare sun ci guzurinsu a zaune. Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 1979 ita ce ta ba 'yan ƙasashenta damar shiga ƙasar juna har kwana 90 ba tare da biza ba. Da yake Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, wajibi ne matafiyi ya tuntuɓi jami'an shige da fice game da takardun da ake buƙata kafin ya kama hanya.

Dogaro da hanya ɗaya ta riƙe kuɗi shi ma haɗari ne. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya hana masu kuɗi a banki taɓa kuɗinsu. Daga 2022 kuma bankuna da yawa sun dakatar da amfani da katin naira a ƙasashen waje, sai a 2025 wasu suka maido da shi. Ya kamata a raba guzuri: wani a jiki, wani a cikin kaya, wani kuma a bar shi wurin amintacce da zai iya aikowa idan an shiga matsi. Wanda zai fita da tsabar kuɗin da ta haura dalar Amurka 10,000 ko kwatankwacinta, dokar Nijeriya ta wajabta masa bayyana su ga jami'an kwastan.

Sai batun lafiya. Katin rigakafin shawara ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince allura ɗaya ta isa har tsawon rai. Saudiyya tana buƙatar rigakafin sanƙarau daga maniyyata, cutar da ta fi tsananta a wannan yanki lokacin zafi. Kuɗin allura kaɗan ne idan aka kwatanta da kwanciya asibiti a baƙon wuri, ko a maido mutum daga bakin iyaka bayan ya biya kuɗin mota.

Yadda ake tsara kasafin

A ɗauki misalin magidanci daga Gagarawa da zai kai iyalinsa biki Damagaram na mako guda. Mataki na farko shi ne ya tambayi wanda ya dawo kwanan nan farashin mota da abinci da masauki, ya rubuta su da jika. Sannan ya ƙara gudummawar biki da tsarabar zuwa da ta dawowa, waɗanda su ne aka fi mantawa, kuma su ne suka fi cin kuɗi a tafiyar zumunci. A ce jimla ta kama jika 100. Sai ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar domin ko-ta-kwana, ta zama jika 120.

Sai bayan wannan ne zai juya lissafin zuwa naira. A farashin 2,600, jika 120 naira 312,000 ce. Idan naira ta faɗi da har jika ta ƙara kashi goma cikin ɗari kafin ranar tafiya, zai buƙaci naira 343,200, wato ƙarin 31,200 da ba ya cikin shirinsa. Wanda ya riga ya sayi rabin sefarsa, rabin wannan ƙari kawai zai biya. Daga ƙarshe ya ware kuɗin motar komowa na kowa da kowa a wuri dabam, ya raba sauran bisa yawan kwanaki, ya riƙa duba abin da ya rage kowane dare.

Maniyyata ma wannan ƙa'ida ce ta hau kansu. Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta ƙaddamar da shirin adashin gata na aikin Hajji a 2020 tare da bankin Jaiz, domin a riƙa tarawa sannu a hankali. Amma da yake mafi yawan kuɗin kujera da dala da riyal ake biyansa, mai tarawa ya riƙa auna abin da ya tara da farashin dala lokaci-lokaci.

Kammalawa

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ga mutumin ƙasar Gumel, fafe goran ya haɗa da sanin bambancin dala da jika, da rubuta kasafi da kuɗin ƙasar da za a je, da sayen kuɗin a hankali bayan an auna farashinsa da yuro ko dala. Wanda ya yi haka, ya kuma ɓoye kuɗin komowa inda hannunsa ba zai kai ba sai ranar buƙata, zai dawo gida ba tare da ya ci bashi a garin mutane ko ya aiko a sayar masa da akuya ba.