Yadda Ake Rufe Bangon Ɗakin Ƙarƙashin Ƙasa

A ƙasashe masu tsananin sanyi, kamar Kanada, gidaje da yawa suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Bangonsa na kankare yakan yi sanyi ƙwarai. Idan iska mai ɗumi ta taɓa shi, sai raɓa ta taru, fumfuna ta fito. Maganin wannan shi ne a manna wa bangon allunan soso mai tauri, a toshe kowace kafa. Sannan a ɗora sandunan katako, inci 16 tsakani, a kafe su har cikin kankaren.

Amma fa 'yan'uwa, soson nan yana kama wuta, hayaƙinsa kuwa guba ne. Saboda haka sai an rufe shi da allon filasta mai kaurin rabin inci kafin a buga katakon ado. Rigakafi ya fi magani.